Majalisar 'Yan Kallo a Birnin Kano, Daga Majigi Zuwa Indiya-Hausa

Wanda duk ya zauna a majalisar samari a Kano, ko a bencin mai shayi bayan sallar lisha, ya ji yadda ake ɗauko fim ɗin da aka kalla jiya a feɗe shi har wutsiya, wannan yana cewa ya yi ma'ana, wancan yana rantsuwa cewa wankiya ce aka yi wa wani tsohon fim na Indiya, to, zai iya zaton al'adar nan tare da wayar hannu ta zo, alhali kuwa ta girmi masu yin ta, ta girmi iyayen da yawansu, don asalinta yana komawa ne ga zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, kuma mizanin da suke auna fim da shi yau tun a wancan zamani aka ƙera shi, cikin wani hali na tuhuma da kare kai wanda galibinsu ba su da labarinsa.

Hoto mai motsi ta ƙofa biyu ya shigo ƙasar Hausa, kuma ba a karɓe su da fuska ɗaya ba. Ta farko ita ce majigi, wato motar da hukumar Turawa ke turawa gari gari, a kafa farin ƙyalle a dandali ko a ƙofar gidan hakimi bayan magariba, a nuna wa jama'a yadda ake tsabtace gida, da yadda ake noman gyaɗa da auduga, da ziyarce-ziyarcen manya. Wani Bature ma'aikacin lafiya a Ikko, William Sellers, shi ne ya shahara da wannan aiki tun kafin a ɗora shi bisa sashen fina-finan ƙasashen mulkin Ingila da aka kafa a 1939, daga baya kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da shi, har aka yi irin su Baban Larai, wanda dattawa ke tunawa da shi har yanzu. Majigi kyauta ne, da iznin sarakuna ake yin sa, yara da manya suna halarta ba tare da wani ya ga baiƙensu ba, amma bai haifar da muhawara mai yawa ba, saboda akwai mai bayani a tsaye da lasifika yana faɗa wa mutane ma'anar abin da suke gani, kuma abin da aka riga aka yi wa sharhi da yawun hukuma ba ya barin wa talaka wurin ijtihadi.

Ƙofa ta biyu ita ce sinima, wadda ake biyan kuɗi a shiga. A 1937 aka buɗe Rex a wajen ganuwa, gida ne marar rufi, na Kwarori 'yan kasuwa, kuma da fari an raba dararensa, waɗansu na Turawa da Larabawa, waɗansu na baƙar fata. Malaman birni ba su yi wata-wata ba wajen ƙyamar abin, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne: akwai mas'alar suranta mai rai, wadda littattafan fiƙihu suka daɗe da magana a kanta, akwai cuɗanyar maza da mata a cikin duhu, akwai kuma maƙwabtakar gidajen kallon da mashaya da gidajen mata masu zaman kansu na Waje. Suka kira shi dodon bango. Sai ga shi a watan Mayu na 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya ana tsakiyar kallo, mutum 331 suka halaka, galibinsu matasa, Allah ya jiƙan Musulmi. Nan da nan magana ta bazu cikin gari cewa uƙuba ce daga Allah, har aka riƙa ƙara mata waɗansu ruwayoyi game da abin da ake nunawa a daren, waɗanda binciken hukuma ya ƙaryata, amma ƙaryatawar ba ta yi tafiyar da ruwayar ta yi ba. Ba a daɗe da wannan musiba ba aka buɗe Palace a Jakara, cikin birni sosai, kusa da kasuwar Kurmi, abin da mutane da yawa suka ɗauka keta hurumi ne, har aka riƙa jifan masu shiga.

A nan ne, a ganina, aka haifi ɗabi'ar ɗan kallon Kano. Yaron da ya saci jiki ya tafi sinima ya san cewa in ya dawo akwai mahaifi, akwai malamin makarantar allo ko ta zaure, akwai dattawan unguwa waɗanda kalmar ɗan sinima a bakinsu ƙanwar ɗan iska ce. Saboda haka ba ya iya tsayawa a kan cewa fim ya yi daɗi kawai, don daɗi ba hujja ba ne a gaban wanda ya kira abin lagawu, tilas ya nemo wata fa'ida da zai kare kansa da ita, ya ce ai akwai darasi a ciki, an nuna ƙarshen azzalumi, an nuna haƙƙin uwa, an nuna sakamakon haƙuri. Wato ya ari harshen masu wa'azi domin ya halatta abin da masu wa'azi suka hana, ya kuwa riƙe aron nan har ya zama nasa, ya gadar wa 'ya'yansa.

Fina-finan farko na Amurka ne da Ingila, musamman na kaboyi, kuma hirarsu gajera ce, ba ta wuce wane ne akta, wane ne bos, da yadda aka yi harbi a ƙarshe. Abin ya sauya ne a shekarun 1950, lokacin da Kwarorin nan masu rarraba fim suka fara shigo da na Indiya, suka tarar da kasuwar da su kansu ba su yi tsammani ba. Bahaushe ya duba bango ya ga mutane masu rawani da doguwar riga, mata masu lulluɓi da kunya, dangi sun cika gida, uba yana ɗaura wa 'yarsa aure da wanda ba ta so, matalauci yana son 'yar attajiri, ya ga dai damuwar da ya baro a gida ce aka sa mata kiɗa da rawa. Gidajen kallo suka ƙaru, ga Plaza da Wapa a Fagge, ga Orion wajen Ƙofar Wambai, ga El Dorado a Sabon Gari, ga Queens, daga baya ga Marhaba, har ta kai a shekarun 1990 ana nuna fim ɗin Indiya dare biyar a mako, a bar ragowar biyun ga na Amurka da na Chanis, wato na faɗan hannu daga Hong Kong, waɗanda Bruce Lee ya buɗe wa hanya a shekarun 1970.

Abin mamaki a nan shi ne jama'ar da ke cika waɗannan gidaje ba su jin Indiyanci, kuma da yawansu ba su karanta Turancin da akan rubuta a ƙasan hoto, in ma an rubuta. Wannan jahilci da harshe, wanda da a ce an tambayi mai hankali sai ya ce shi zai kashe kasuwar, shi ne ya raya majalisa, domin ma'anar fim ba ta kammala a cikin sinima, sai an fito an zauna an harhaɗa, kowa ya kawo abin da ya fahimta daga fuska da murya da hawaye, a yi ta jayayya a kan ko wancan tsohon uban yarinyar ne ko baffanta, har a cimma wani abu mai kama da ijma'i. Daga cikin wannan zama aka samu wani aji na mutane, waɗanda suka maimaita kallo har kunnensu ya fara tsintar kalmomi, suka zama tafintocin unguwa. Su ne ake zama kusa da su a sinima, su ne kuma washegari ke ba da labarin fim ga waɗanda ba su samu kuɗin tikiti ba ko aka kulle musu ƙofa, suna kwaikwayon muryar bos, suna rera waƙar da kalmomin da babu Ba'indiyen da zai gane su. Mai ruwaya na ƙwarai yakan ɗauki lokacin da ya kusa kai tsawon fim ɗin kansa, kuma ba a rasa wanda ya ji labari daga bakinsa, da ya je ya gani da idonsa ya dawo yana cewa na bakin ya fi daɗi. Sha'awar ta kai har a shekarun 1990 aka wallafa littafin koyon Indiyanci da Hausa a Kano.

Majalisun nan ne suka naɗa wa 'yan wasan Bombay sarautu ba da saninsu ba: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa, saboda laushin jikinsa da yawan rawarsa, aka kira shi Mace, wanda hukunci ne cikakke a kalma guda. Mother India, na 1957, ya shekara da shekaru ana maimaita shi yana cika gida, kuma ba don ba a san ƙarshensa ba ne, sai don mas'alar da ya bari a buɗe, ta uwar da ta harbe ɗanta da hannunta domin kare mutuncin 'yar mai ba da bashi da ruwa, mutumin da ya cuce su tsawon rayuwa. Irin wannan ita ce mas'alar da Bahaushe ke so, wadda za a iya kawo mata hujja ta ɓangare biyu, kowanne da nassinsa. Sholay kuma, na 1975, ya rusa ƙa'idar da yara suka haddace cewa akta ba ya mutuwa, tun da Amitabh Bachchan ya mutu a ƙarshensa. Har masu bege ba su tsira ba, don waɗansu ƙungiyoyin 'yan bandiri sun ɗauki karin waƙoƙin nan suka zuba musu yabon Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, suna masu cewa sun tsamo karin ne daga ɓata.

Duk wannan hira ta maza ce, don matar aure ko budurwar kirki ba ta taka ƙofar sinima. Talbijin ne ya kai abin cikin gida: daga 1977 tashar NTA Kano ta shiga nuna fina-finan Indiya a kai a kai, har lissafinsu ya haura 1,000 kafin 2003, sai CTV ta gwamnatin jiha ta biyo baya, sai kaset ɗin bidiyo. Aka samu majalisa ta biyu a tsakar gida da gidajen biki, wadda ba a cika jin muryarta a waje ba, amma ita ce daga baya ta zama babbar mai saye, kuma abin da take so, wato labarin kishiya da uwar miji da auren dole, shi ya cika littattafan soyayya na Kano, daga nan ya zarce cikin fim.

Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka kuma biyo da irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, har Sangaya ya zo a 1999 ya tabbatar da waƙa da rawa bisa kiɗan fiyano, sai 'yan kallo suka sami kansu a wani matsayi sabo. Da, wanda ake yi wa hukunci yana can bayan teku, ba Musulmi ba ne a galibi, ba ya jin abin da aka ce, kuma in ya riƙe hannun mace a lambu sai a ce al'adarsu ce. Yanzu kuwa ɗan unguwa ne, an san gidansu, ana iya haɗuwa da shi a kasuwar Ƙofar Wambai inda a lokacin ake sayar da kaset. Abin da aka yafe wa Ba'indiye shekara 40 ba a yafe wa Bahaushe ba ko na kwana ɗaya, kuma mutanen da suka fi kowa haddace fina-finan Indiya su ne suka fi kowa saurin kama ɓarawon labari, su faɗi sunan fim ɗin da aka wanke da shekararsa. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji, wadda ta fara a 1998 kuma daga cikinta sunan Kannywood ya fito, da mujallar Fim ta Ibrahim Sheme, wadda ta fara a 1999, suka buɗe shafukan wasiƙu, sai hirar benci ta koma rubutu, ana yabo, ana nasiha, ana tuhumar 'yan wasa da ɓata tarbiyya; su kuma 'yan wasan, in an tambaye su sana'arsu, ba su cewa nishaɗantarwa sai sun fara cewa faɗakarwa, suna kare kansu da hujjar nan da yaron Jakara ya kare kansa da ita a gaban mahaifinsa. Ko fina-finan camama na marigayi Rabilu Musa Ibro, waɗanda dariya ce zallarsu, sai an laluba musu darasi kafin a yarda a ce ana son su. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, mizanin majalisa ya samu ofis da hatimi.

Ni dai ina ganin mizanin nan ya yi wa fim ɗin Hausa alheri da hasara gaba ɗaya, don ya sa mai kallo ya ɗauki labari da muhimmanci, yana bin haƙƙin kowane mutum a cikinsa tamkar alƙali, amma ya hana shi yawan tambaya a kan sana'ar kanta, wato yadda aka ɗauki hoto, da yadda aka tsara magana, da ko ɗan wasa ya shiga rigar da aka ba shi. Fim mai rauni yakan tsira in ya ƙare da tuba, mai inganci kuma ya sha suka saboda mayafin da ya zame. Sai a 'yan shekarun nan, da masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, da Labarina na Aminu Saira, da Izzar So suka sa jama'a jiran mako mako, aka fara jin matasa suna maganar rubutu da ba da umarni, suna cewa an ja labari ya yi tsawo, ko an kashe wane ba bisa dalili ba.

Tsofaffin gidajen sinima yawancinsu sun rufe ko sun koma wata sana'a, Palace ma asibiti ta zama. Tafintan unguwa kuwa aikinsa ya koma hannun kamfanoni irin su Algaita, waɗanda a shekarun 2010 suka shiga ɗora muryar Hausa a kan fina-finan Indiya, suna cusa karin magana da ba'ar gari a bakin jarumin Telugu ko na Tamil, abin da ake kira Indiya-Hausa. 'Yan Kannywood sun yi ta kukan cewa wannan ya cinye musu kasuwa, masu kallo kuma suka samu sabon abin jayayya, don yanzu ban da jarumi da bos ana auna mai fassarar ma, a ce na wannan kamfani ya fi iya zagi, na wancan ya fi riƙe amanar labari.