Shekarar da Maganin Farfaɗiya Ya Fi Ƙarfin Hanta

A shekarar 1968 likitoci a birnin Brisbane na Ostireliya suka fara ganin abin da ya ɗaure musu kai. Masu farfaɗiya da suka daɗe suna shan phenytoin lafiya lau sai ga su suna zuwa asibiti suna tangaɗi, idanu na rawa, harshe ya yi nauyi. Ba wanda aka ƙara wa magani. Da aka bi diddigi, sai aka tarar kamfanin da ke yin sa ya sauya garin da ake cika kafson da shi, ya cire calcium sulphate ya sa sukarin madara. Tsohon garin yana hana wani kaso na maganin ratsa hanji. Sabon kuwa ya sakar masa hanya.

Maganin ba baƙo ba ne a lokacin. Heinrich Biltz ya haɗa shi a Jamus a 1908, ya zauna shekara talatin ba a san amfaninsa ba, sai a 1938 Houston Merritt da Tracy Putnam suka nuna a Boston cewa yana tsayar da farfaɗiya ba tare da ya kwantar da mutum barci kamar phenobarbital ba. To me ya sa ɗan ƙarin da ya shiga jini ya yi wannan ɓarna?

Amsar tana hanta. Yawancin magunguna, gwargwadon yawansu a jini, gwargwadon saurin da jiki ke fitar da su. Phenytoin ya sha bamban. Sinadarin hanta da ke sarrafa shi, wanda daga baya aka sa wa suna CYP2C9, kamar injin niƙa ɗaya ne a unguwa: yana da iyakar abin da zai niƙa a awa guda, komai tsawon layi. Matsalar ita ce injin yakan kusa cika tun a daidai adadin da ake buƙata don warkarwa, wato miligiram 10 zuwa 20 a kowace litar jini. Daga nan duk abin da aka ƙara taruwa yake yi. Lissafin irin wannan cikar yana hannu tun 1913, aikin Leonor Michaelis da Maud Menten a Balin, sai dai ya daɗe a ɗakin gwaji kafin ya iso bakin gadon majinyaci.

A 1975 Alan Richens da abokin aikinsa Dunlop suka wallafa jadawalin daidaita adadin maganin bisa awon jini. Shi ya sa a yau, idan majinyaci ya kai miligiram 300 a rana, likita kan ƙara 25 ko 50 ne kawai, sannan ya jira makonni kafin ya sake awo.