Daga Degel Zuwa Gudu: Abin da Hanyar Hijirar Shehu Ke Koyarwa

Masu rubutu a kan jihadin ƙarni na 19 sun saba taƙaita hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi masa rahama, cikin jimla guda: ya bar Degel a watan Zulƙida na shekarar 1218 bayan Hijira, wato Fabrairun 1804, ya sauka Gudu. Daga nan sai alƙalami ya tsallaka zuwa mubaya'a da yaƙin Tafkin Kwatto. Wannan maƙala tana ganin cewa tafiyar da ke tsakanin garuruwan biyu ta cancanci nazari na musamman, domin a kan hanyar ne aka gwada jama'ar kafin ta ɗora wa kanta shugaba.

Sababin tashin sananne ne. Bayan rundunar Gobir ta afka wa jama'ar Malam Abdussalami a Gimbana, kuma mutanen Degel suka kuɓutar da waɗanda aka kamo, Sarkin Gobir Yunfa ya aika wa Shehu da ya fita shi da iyalinsa kaɗai. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, ya zaɓi ya tashi tare da duk mai son binsa. Wannan zaɓi shi ya tsara yanayin tafiyar. Malami shi kaɗai bisa doki yana iya cin zango biyu a yini. Ayarin da ke da tsofaffi da mata da yara da dabbobi kuwa tilas ya bi takun mafi rauni a cikinsa. Nana Asma'u, wadda daga baya ta adana tarihin waɗannan tafiye-tafiye a Waƙar Gewaye, ba ta wuce shekara 11 ba a lokacin.

Ana ƙiyasta tsakanin Degel da Gudu da kimanin mil 30. Amma zangunan da tarihi ya riƙe sun nuna cewa ayarin bai miƙe sak ba: Kwaren Gezo, Demba, Kalmalo, Farkaji, Ruwawuri, sannan Gudu. Kalmalo, wadda aka sani da tafkinta kusa da Illela ta yau, tana arewa da Degel, alhali Gudu tana yamma. Wanda ya san ƙasar zai fahimci dalilin wannan gewaye. A ƙarshen hunturu ƙananan kududdufai sun ƙafe, saboda haka mai tafiya a ƙasa da iyali da bisashe dole ya bi inda ruwa yake, ko da hanyar ta ƙara tsawo.

Haka kuma irin wannan turba ba ta biyuwa sai da taimakon mutanen da suka san daji. Aliyu Jedo, shugaban Fulanin yankin wanda daga baya ya zama Amirul Jaishi, yana cikin waɗanda suka tallafa, kuma Malam Agali, malamin Abzinawa, ya taimaka da raƙuman da suka ɗauki kaya, har da littattafan Shehu. Jama'ar da ke gudun tsira da addininta ta ba littafi wuri a bayan raƙumi, a lokacin da kowane kaya nauyi ne.

A nan tarihi yake haɗuwa da fiƙihu. Aya ta 97 a Suratun Nisa'i ta zargi waɗanda suka zauna cikin zalunci alhali suna da ikon tashi, aya ta 98 kuma ta yi uzuri ga raunana maza da mata da yara waɗanda ba su da dabara kuma ba su san hanya ba. Ashe sanin hanya da ikon binta suna cikin abin da hukuncin ya rataya a kansa. Shehu ya tattauna wajibcin hijira a Masa'il Muhimma kafin tashinsa, ya faɗaɗa bayanin a Bayan Wujub al-Hijra a shekarar 1806. Ɗalibin da ya karanta littafi na biyu ya tuna cewa marubucinsa ya riga ya ga abin da hukuncin ke nufi ga tsohuwa da goyo da makiyayi.

Hanyar ba ta mutu da saukar Shehu ba. Muhammadu Bello ya bayyana a Infaƙul Maisuri yadda mutane suka ci gaba da kwararowa, yayin da hakiman Gobir ke tare su suna ƙwace musu dukiya bisa umarnin sarki. Saboda haka waɗanda suka taru a Gudu suka yi mubaya'a, Malam Abdullahi na farko sannan Bello, mutane ne da kowannensu ya riga ya biya farashin zuwansa.

A yau Degel tana ƙaramar hukumar Gwadabawa, Gudu kuma ta ba wata ƙaramar hukuma sunanta a Jihar Sakkwato. Mai ziyara a mota yana ganin mafari da maƙura, zangunan tsakiya kuwa suna ɓacewa daga ƙwaƙwalwar jama'a, ga kuma rashin tsaro da ya rage zirga-zirga a yankin. Aikin da ke gaban sassan tarihi da nazarin addini shi ne tantance inda kowane zango yake, da rubuta abin da dattawan ƙauyukan suka gada game da shi, tun suna raye. Allah ne Mafi sani.