AMSAR WASIƘUNKU: Don Me Ake Ɓoye Minista Guda Ran Da Shugaban Amurka Zai Yi Jawabi A Majalisa?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Funtuwa, wanda ya ce ya ji a labaran duniya wai duk ran da shugaban Amurka zai yi jawabi gaban majalisun dokoki, akan ɗauke minista guda a kai shi wani wuri a ɓoye. Yana tambaya, shin gaskiya ne? In gaskiya ne, yaushe aka fara, kuma mene ne dalili?

To Malam, mun gode da wasiƙarka, kuma abin da ka ji gaskiya ne. Kowace shekara, galibi a farkonta, shugaban Amurka yakan tafi ginin majalisa na Kapitol a birnin Washinton ya yi jawabi a kan halin da ƙasa take ciki. A daren nan, cikin zaure guda za ka tarad da shugaban ƙasa, da mataimakinsa, da kakakin Majalisar Wakilai, da 'yan majalisun biyu, da ministoci, da wasu alƙalan Kotun Ƙoli, da manyan hafsoshin soja. Watau gwamnati ce ɗungurungum ƙarƙashin rufi ɗaya. In wani bala'i ya faɗa wa ginin, wa zai ba soja umarni da safe? Saboda wannan ne ake keɓe minista guda, a kai shi nesa tare da masu tsaro har a watse. Mu a nan za mu kira shi magajin ko-ta-kwana.

Amma kafin mu zo kansa, sai ka san jerin gadon tukuna, don in babu jerin ba shi da wani amfani. Dokar da ake aiki da ita ta shekarar 1947 ce, da gyare-gyaren da aka yi mata daga baya. Bayan shugaban ƙasa sai mataimakinsa, sai kakakin Majalisar Wakilai, sai shugaban riƙo na Majalisar Dattawa, sannan ministoci 15 bisa tsufan ma'aikatunsu: na harkokin waje ne farko, sai na kuɗi, sai na tsaro, sai na shari'a, har zuwa na tsaron cikin gida wanda aka saka a ƙarshen jerin a 2006. Mutum 18 ke nan. Su can sakatare suke ce wa minista, amma aikin ɗaya ne.

Jerin nan ba a zaune ɗaya aka tsara shi ba, tsoro ne ya yi ta gyara shi. Dokar farko ta 1792 mutum biyu kacal ta ambata bayan mataimaki, watau shugaban riƙo na dattawa da kakakin wakilai. To ran 28 ga watan Fabrairu na 1844, Shugaba John Tyler ya shiga wani sabon jirgin ruwan yaƙi mai suna Princeton tare da ministocinsa da ɗaruruwan baƙi, ana yawon shaƙatawa a kogin Potomac. Jirgin yana da wata ƙatuwar igwa da ake alfahari da ita, ana ta harba ta don burge baƙi. Da aka zo harbawar ƙarshe sai ta tarwatse. Nan take mutum 6 suka mutu, ciki har da ministan harkokin waje Abel Upshur da ministan sojan ruwa Thomas Gilmer. Tyler ya tsira ne kawai don ya ɗan dakata a ƙasan jirgin bai hau sama ba. Kuma ka lura, a lokacin Amurka ba ta da mataimakin shugaba, domin shi Tyler ɗin mataimaki ne da ya gaji kujerar bayan rasuwar William Harrison a 1841, tsarin mulki kuwa bai tanadi yadda za a cike gurbin mataimaki ba sai a 1967.

Wancan haɗari ne. Na 1865 kuwa da gangan aka shirya shi. Kowa ya san John Wilkes Booth ya harbe Shugaba Abraham Lincoln a gidan wasan kwaikwayo ran 14 ga watan Afrilu, amma ba kowa ya san cewa mutum uku aka yi niyyar kashewa a daren ba. An aika wani ya kashe ministan harkokin waje William Seward, ya kuwa shiga har ɗakin kwanansa ya sassare shi da wuƙa, sai dai kwanansa na gaba. Wanda aka aika wa mataimaki Andrew Johnson shi kuma zuciyarsa ta karaya, ya ɓuge da shan giya. Manufar dai ita ce a wayi gari gwamnati ba kai.

Akwai wani labari da nake jin daɗin bayarwa. Da Shugaba James Garfield ya rasu ran 19 ga watan Satumba na 1881 sakamakon harbin da aka yi masa, mataimakinsa Chester Arthur ya yi rantsuwa a gidansa da ke Niyok. Majalisa ba ta zama a lokacin, babu kakaki, babu shugaban riƙo, ma'ana babu ko mutum ɗaya a bayansa. Sai Arthur ya rubuta takardar kiran Majalisar Dattawa taron gaggawa, ya saka a gidan waya zuwa fadar White House, don ko da ajali ya riske shi a hanyar Washinton a sami abin da za a kama. Da irin wannan ta sake faruwa a 1885 bayan rasuwar mataimaki Thomas Hendricks, sai majalisa ta yi sabuwar doka a 1886, ta cire shugabanninta daga jerin ta saka ministoci. Harry Truman ne, wanda ya hau mulki a 1945 ya kuma zauna ba mataimaki har 1949, ya ce bai dace shugaba ya zama shi ke naɗa magajinsa ba, gara wanda jama'a suka zaɓa. Shi ya sa dokar 1947 ta dawo da kakaki da shugaban riƙo gaban ministoci.

To duk wannan shiri an yi shi ne da tunanin mutuwar mutum ɗaya ko biyu. Abin da ya sauya lissafi shi ne bam ɗin nukiliya. Tarayyar Sobiyet ta gwada nata a 1949, kafin ƙarshen shekarun 1950 kuma an soma ƙera makamai masu linzami da ke iya tsallaka nahiya cikin kamar rabin sa'a. Jeri mai tsawo ba shi da rana in duk mutanen da ke cikinsa suna unguwa ɗaya. A zamanin yaƙin cacar bakin nan ne aka soma al'adar ware mutum guda, a asirce, kamar yadda aka haƙa maɓoya a ƙarƙashin duwatsu. Har 'yan majalisa an gina musu tasu maɓoyar ƙarƙashin otal ɗin Greenbrier a jihar West Virginia, ba a sani ba sai da jaridar Washington Post ta tona a 1992. A shekarun 1980 ne aka soma sanin sunayen waɗanda ake keɓewa. Alal misali ministan ilmi Terrel Bell ne bai halarci jawabin Ronald Reagan na watan Fabrairun 1981 ba.

Ba kowane minista ake ɗauka ba. Tilas ya cika sharuɗɗan zama shugaban ƙasa: ɗan ƙasa tun daga haihuwa, shekarunsa sun kai 35, ya kuma zauna a Amurka shekara 14. Don haka Madeleine Albright, duk da ta riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1997 zuwa 2001, tsallake ta ake yi a jerin, domin a birnin Prag aka haife ta. Haka Henry Kissinger haifaffen Jamus. Galibi kuma akan ɗauko ne daga ministocin da ba a cika jin ɗuriyarsu ba, irin su na gona, na gidaje, na makamashi, saboda manyan ana son kyamara ta nuna su a sahun gaba.

Ministan gona Dan Glickman, wanda aka keɓe a 1997, ya sha ba da labarin darensa. Jirgin soja ya kai shi Niyok tare da masu tsaro da hafsan soja, ya zauna a gidan 'yarsa yana kallon jawabin Bill Clinton a talabijin. Ana gamawa aka ce aiki ya ƙare, masu tsaro suka kama gabansu. Daga baya shi da 'yarsa suka fita cin abinci, suka fito ana ruwa, suka nemi tasi suka rasa, sai da ƙafa suka koma. Mutumin da ɗazu-ɗazu yake gab da zama shugaban Amurka! Ita kuwa Donna Shalala, ministar lafiya, a 1996 fadar White House ta zauna ta yi wa ma'aikatanta odar abinci. Bayan harin 11 ga watan Satumba na 2001 wasa ya ƙare. Jirgi na huɗu da ya faɗi a jihar Pennsylvania, an yi imani ginin majalisa ko fadar shugaban ƙasa ya nufa. Da George Bush ya je majalisa ran 20 ga watan, mataimakinsa Dick Cheney kansa aka ɓoye, daga baya kuma aka soma keɓe wasu 'yan majalisa su ma. A 2021 ne ba a keɓe kowa ba, saboda annobar korona ta sa yawancin ministoci suna gidajensu.

A nan akwai kuskuren da mutane da yawa suke yi, har da masu shirya finafinai. Keɓe mutum ba ya ba shi kujera kai tsaye. Doka ta ce wanda ya fi kowa matsayi a jerin cikin waɗanda suka rayu shi zai riƙe. A 2010 an keɓe ministan gidaje Shaun Donovan, amma Hillary Clinton tana Landan wurin taro a kan Afganistan, saboda haka da wani abu ya faru ita ce za ta hau, ba shi ba.

Kada kuma ka ɗauka shirin ba shi da ɓaraka. Dokar 1947 ta ba sabon kakaki damar karɓe riƙon daga hannun minista. Ka ga ke nan 'yan wakilai ƙalilan da suka tsira suna iya taruwa su zaɓi kakaki, shi kuma ya ce minista ya sauka, a daidai lokacin da ƙasa ba ta bukatar gardama. Daɗin daɗawa, kujerar ɗan Majalisar Dattawa gwamna yana iya cike ta da naɗi a yawancin jihohi, amma ta wakilai sai da zaɓe. Dokar da aka yi a 2005 ta ce in fiye da kujeru 100 suka zama wayam a yi zaɓe cikin kwana 49. A ganina kwana 49 ba kaɗan ba ne ga ƙasar da aka kai wa hari. Kai, ko masu riƙe da mulki kansu sukan rikice: ran da aka harbi Reagan, 30 ga watan Maris na 1981, mataimaki George Bush yana cikin jirgi daga Texas, sai ministan harkokin waje Alexander Haig ya fito gaban 'yan jarida ya ce shi ke riƙe da al'amura, har ya lissafa jerin ba daidai ba, ya tsallake shugabannin majalisa biyu.

Wataƙila ka ce ai a Amurka ba a taɓa bukatar magajin nan ba. Haka ne. Amma dubi wasu ƙasashe. Tun 1605 aka kama Guy Fawkes da ganga 36 na albarushi ƙarƙashin majalisar Ingila, ana shirin tayar da sarki da manyan ƙasa ran buɗe majalisa. A watan Yunin 1981 bam ya kashe mutum fiye da 70 na jam'iyya mai mulki a Tehran, wata biyu bayan haka wani ya kashe Shugaba Raja'i da firayim ministansa Bahonar a ɗaki guda. A birnin Rangun a 1983 bam ya hallaka ministocin Koriya ta Kudu 4, shugabansu Chun Doo-hwan ya tsira don ya makara.

Misalai biyu ne suka fi nuna bambanci. Ran 10 ga watan Afrilu na 2010 jirgin shugaban Polan Lech Kaczynski ya faɗi kusa da Smolensk a Rasha, mutum 96 suka mutu, har da babban hafsan hafsoshi, da shugabannin sojan ƙasa da na sama da na ruwa, da gwamnan babban banki, da 'yan majalisa da dama. Kakakin majalisa Bronislaw Komorowski ba ya cikin jirgin, tsarin mulki kuma ya fayyace cewa shi ne, a ranar ya karɓi riƙo, a watan Yuli aka kammala zaɓe. A Ruwanda kuwa, da aka harbo jirgin Shugaba Habyarimana ran 6 ga watan Afrilu na 1994, tare da shugaban Burundi da babban hafsan sojan Ruwanda, washegari sojoji suka bi firayim minista Agathe Uwilingiyimana da shugaban kotun tsarin mulki Joseph Kavaruganda suka kashe, watau ainihin waɗanda doka za ta iya ratayawa a wuyansu. Cikin kwana 100 aka kashe mutum kimanin 800,000.

A ƙarshen wasiƙarka ka tambayi yadda abin yake a Nijeriya. Sashe na 146 na tsarin mulkin 1999 ya ce in kujerar shugaban ƙasa ta zama ba kowa, mataimaki zai hau, kamar yadda Goodluck Jonathan ya yi bayan rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. In kuwa babu mataimakin, shugaban Majalisar Dattawa zai riƙe na tsawon da bai wuce wata 3 ba, a yi zaɓe a ciki. Sashen bai ambaci kowa ba bayan shi. Za ka kuma tuna cewa ran 1 ga watan Oktoba na shekarar, ana tsakiyar bikin cikar ƙasar shekara 50 da samun mulkin kai, motoci biyu ɗauke da bam suka tashi kusa da dandalin Eagle a Abuja, inda shugaban ƙasa da manyan baƙi suke zaune, mutum aƙalla 12 suka rasu.

Ɗaya tambayar taka, a kan jakar nan ta umarnin nukiliya da hafsan soja ke bin shugaban Amurka da ita, sai a shiri na gaba in Allah ya kai mu.