Makiyayin tumakin da ya ɗaga bakin bututu: tarihin babur ɗin ruwa (zare 🧵)

1/
Jama'a, duk mun sha ganin bidiyon Jet Ski yana keta ruwa kamar walƙiya. To ku leƙa ƙarƙashinsa: babu farfela a waje, babu filafilin juya akala irin na jirgin ruwa. Gudunsa da kwanarsa duk daga bakin bututu guda suke fitowa, wanda makanikai ke kira nozul. Ku biyo ni.

2/
Ga yadda yake aiki. Akwai rami a ƙarƙashinsa da ke zuƙo ruwa. Farfelar da ke ɓoye cikin famfo ta tura ruwan baya, shi kuma nozul ya matse shi ya feso da ƙarfi. Kamar dai ka danne bakin tiyo da babban yatsa wajen wankin mota. Ruwa ya yi baya, babur ya yi gaba.

3/
A bayan wannan akwai nozul na biyu mai juyawa, an haɗa shi da kan babur da waya. Ka karkata kai dama, feshin ruwan ya karkata, gindin babur ya goce, hancinsa ya nufi dama. Sitiyarin ke nan gaba ɗaya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

4/
Labarin ya faro ne daga wata gonar tumaki a Niyu Zilan. Bill Hamilton, haifaffen 1899, ya sayi gonar Irishman Creek a 1921. Mutum ne mai ƙaiƙayin hannu: ya gina garejinsa a gonar, ya tare ruwa ya samar wa kansa lantarki, ya yi tseren mota, ya ƙera injinan haƙa ƙasa.

5/
Matsalarsa ita ce kogunan yankin. Suna da faɗi da saurin gudu, amma ba zurfi, ƙasansu duk tsakuwa da duwatsu. Jirgi mai farfela a waje da ya shiga sai farfelar ta daki dutse. Shi kuwa ya ƙwallafa rai sai ya haura su da jirgi mai inji.

6/
A farkon shekarun 1950 ya kwaikwayi wani tsari na Amurka, Hanley Hydro-Jet, ya ɗora a ƙaramin jirgin katako da injin motar Ford. Famfo na zuƙo ruwa, yana feso shi ta nozul da ke ƙarƙashin jirgin, cikin ruwa. Ya yi tafiya, amma gudun bai wuce mil 11 a awa ba.

7/
A 1954 aka yi gyaran da ya sauya komai. Aka ɗauke nozul ɗin daga ƙarƙashi, aka fitar da shi ta bayan jirgin, yana fesa ruwan a iska, sama da fuskar kogi. Gudu ya tashi zuwa mil 17 a awa, wajen kilomita 27 ke nan. Inji dai shi ne, wurin fitar ruwan kawai aka sauya.

8/
Na san wani zai ce: to ai ruwan ba ya tunkuɗar komai a iska, ina ƙarfin zai fito? Ƙarfin na zuwa ne daga jefa ruwan baya, kamar yadda bindiga ke dukan kafaɗa in an harba. Ƙa'idar Newton ta uku ke nan. Abin da feshin ya tarar a waje bai dame shi ba.

9/
Ribar kuwa biyu ce. Ƙarfen da ke rataye a ƙasa yana jan jirgin baya ya tafi. Sannan cikin jirgin ya zama sumul, babu abin da dutse zai kama, sai ya riƙa wucewa ta ruwan da bai kai gwiwa ba. Abin da Hamilton ke nema tun farko ke nan.

10/
Duniya ta shaida a 1960, lokacin da jiragensa suka haura kogin Kolarado ta cikin Grand Canyon, gaba da igiyar ruwa, abin da ba a taɓa yi ba. Ɗansa Jon na cikin matuƙan. A 1977 kuma Edmund Hillary, wanda ya hau Everest, ya bi kogin Ganges na Indiya da irin jiragen.

11/
Shi Hamilton bai taɓa cewa shi ya ƙirƙiro tura jirgi da feshin ruwa ba, Archimedes yake miƙa wa wannan yabon. Gaskiyarsa ne, an gwada kafin shi. Nasa aikin shi ne gyara abin har ya yi amfani. An ba shi sarautar Sir a 1974, ya rasu a 1978.

12/
Babur ɗin kansa daga Amurka ya fito. Clayton Jacobson II, mai tseren babur ne da ya gaji da faɗuwa a kan tsandaurin ƙasa, sai ya ƙera na ruwa a shekarun 1960. Kamfanin Bombardier na Kanada ya fitar da Sea-Doo a 1968 bisa tsarinsa, amma bai yi kasuwa ba aka dakatar.

13/
Jacobson ya koma wa Kawasaki na Japan, suka fito da Jet Ski na tsaye a farkon shekarun 1970. Sunan ya bi duk wani babur ɗin ruwa, kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki Omo. Yamaha ta shigo da WaveRunner a 1986, Sea-Doo ya dawo a 1988.

14/
Daga nan masu tsere suka gaji halin Hamilton, kowa da garejinsa. Cikin abubuwan da suke taɓawa akwai nozul. In aka faɗaɗa bakinsa da 'yan milimita, ruwa mai yawa ke fita, inji ya saki jiki, tashin farko ya yi kyau. In aka matse shi, feshin ya fi sauri, amma inji ya ɗau nauyi.

15/
Wato ciniki ne, ba a samun duka biyun. Wanda ya zarce wajen faɗaɗawa zai ji inji na ihu, gudun ƙarshe na raguwa. Kuma ƙarfen da aka kankare ba ya komawa. Shi ya sa aka zo ana yin nozul mai zobba da ake cirewa, ka gwada wannan faɗin, bai yi ba ka sa wancan.

16/
Haka ma kwana. Ana matso da inda wayar ke kama nozul kusa da ƙusar da yake juyawa a kai, sai ɗan karkata kai ya juya shi sosai. Akwai kuma mai ɗaga shi sama ko ƙasa don ɗaga hancin babur ko danne shi. Daɗi ga gwani, amma ɗan koyo a guje zai iya tsintar kansa a ruwa.

17/
Yanzu mu koma lamba 3. Tunda feshin ruwa ne sitiyari, da ka saki totur kwana ta tafi. Ka hango jirgi a gabanka, tsoro ya sa ka saki totur ka murɗa kai, babur ya ci gaba miƙe. Abin da hankali ke ba ka shi ne yake kai ka ga karo. An yi asarar rayuka ta haka.

18/
Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta tabo matsalar a rahotonta na 1998. Kamfanoni suka bi da gyara: wasu inji ke ƙara wuta da kansa in ka murɗa kai bayan sakin totur. A 2009 Sea-Doo ya kawo birki, wani murfi da ke saukowa ya juya feshin gaba.

19/
Don haka in ka samu damar hawa wata rana, ka sa rigar ceto, ka ɗaura igiyar kashe inji a hannu, kuma in za ka kauce wa abu ka riƙe totur yayin da kake juyawa. In na haya ne, ka tambaya ko an taɓa nozul ɗinsa. Ku tura wa abokin da ke shirin zuwa bakin teku.