Daga Sarkin Ƙofa zuwa Layin Waya: Tarihin Sa Ido a Birnin Kano

Idan ka bi ta Ƙofar Na'isa ko Ƙofar Mata yau, babu mai tsayar da kai ya tambaye ka daga ina, zuwa ina. A da ba haka abin yake ba. Kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa, ana rufe ta da dare, kuma baƙo ba ya shiga gari ba a san da zuwansa ba. To amma kada ka ɗauka an daina lissafin masu shiga da fita. Wayar da ke aljihunka ta riga ta gaisa da eriyar sadarwa mafi kusa, kamfani kuma ya rubuta.

Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) kuma ya faɗaɗa ta. Ganuwa kariya ce daga mahara, amma hanya ce kuma ta sanin wa ke cikin gari. Fataken da suka zo Kasuwar Kurmi a hannun fatoma suke sauka, shi ke ba su masauki, shi ke tsaya musu. Mai unguwa ya san gidajen unguwarsa ɗaya bayan ɗaya, labari kuma yana hawa daga wurinsa har ya kai fada.

Sai dai wannan idon yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce zaure. Baƙo namiji a nan yake yin sallama ya tsaya, ba ya ƙetarawa zuwa tsakar gida. Addini ma ya ƙarfafa haka, domin Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Bahaushe kuma ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Turawa su suka mayar da leƙen asiri aikin takarda. Tun kafin su ci Kano a watan Fabrairun 1903 suna da masu kai musu rahoto, irin su Adamu Jakada. Bayan tawayen Satiru kusa da Sakkwato a 1906, inda aka kashe Turawa uku, tsoron Mahadiyya ya kama su. Suka zuba ido a kan malamai, alhazai da littattafan da ke shigowa daga gabas. A 1923 suka kama Shehu Sa'idu ɗan Hayatu suka kai shi Buea ta Kamaru, daga baya aka dawo da shi Kano ya ci gaba da zaman tsare na shekaru.

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, sai idon ya koma kan 'yan siyasa. 'Yan dokan En'e da kotunan alƙalai suka zama makamin kama magoya bayan Malam Aminu Kano. Ka ga ke nan abin da aka gina da sunan tsaro, rana ɗaya aka juya shi kan masu adawa. Haka kuma bayan kashe Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, ranar 13 ga Fabrairun 1976, aka kafa hukumar NSO. A 1986 gwamnatin Babangida ta rusa ta, ta raba ta gida uku: SSS, NIA da DIA.

Duk wannan sa idon na da yana da tsada. Kafin a bi mutum ɗaya sai an ajiye wani mutum ya bi shi, mai bin kuma yana gajiya, yana barci, yana mantuwa. Wayar salula, wadda ta shigo Najeriya a 2001, ita ta karya wannan tsadar.

Ga yadda abin yake aiki. Muddin wayarka a kunne take, dole ta sanar da eriya inda take, in ba haka ba kira ba zai same ka ba. Duk kiran da ka yi yana barin sawu: lambar da ka kira, ƙarfe nawa, minti nawa, wace eriya, da lambar jikin wayar da ake kira IMEI. Ba sai an saurari maganarka ba. Wanda ya ga inda waya ke kwana ya san gidanka, wanda ya ga inda take wuni ya san shagonka a Kantin Kwari ne ko a Kurmi. Wani bincike da aka buga a 2013 a kan bayanan mutum miliyan 1.5 ya gano cewa sanin wurare huɗu kawai da lokutansu ya isa a ware mutum 95 cikin 100 daga sauran jama'a, ko da an goge sunayensu.

A Najeriya ma ba a goge sunan ba, liƙa shi aka yi. A 2011 hukumar NCC ta fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsu. A 2014 aka kawo BVN na bankuna. A Disambar 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye irin waɗannan bayanai har shekara 2. A 2013, shekarar da Edward Snowden ya tona yadda hukumar NSA ta Amurka ke tara bayanan kiran jama'a, jaridar Premium Times ta ba da rahoton kwangilar dala miliyan 40 tsakanin gwamnatin Najeriya da kamfanin Elbit Systems na Isra'ila don sa ido a intanet. A ƙaramin kasafin 2021 kuma an ware wa NIA kimanin naira biliyan 4.8 don tatsar saƙonnin WhatsApp da wayar Thuraya.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce. Mutanen Kano ba su manta da hare-haren 20 ga Janairun 2012 ba, waɗanda suka ci rayuka sama da 150. Wanda aka sace masa ɗa, babu abin da yake so irin a bi sawun lambar da ta kira shi. To sai dai tambayar da ake ta yi ita ce, bayan duk rajistar nan, me ya sa masu garkuwa da mutane suke ci gaba da kiran waya suna cinikin kuɗin fansa? Ga kuma haɗarin tara komai wuri guda. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta samu shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan ƙasa, har da NIN, a kan naira 100, kodayake hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta.

A takarda dai akwai kariya. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da sirrin mutum, gidansa, wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A Yunin 2023 an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, inda za ka iya kai ƙorafi. Ƙa'idojin NCC na 2019 sun ce sai da izinin alƙali za a saurari waya, amma sun bar kafa: idan an ce gaggawa ce, ana iya farawa, a nemi izinin cikin awa 48.

Bambancin jiya da yau a nan yake. Sarkin ƙofa ka san shi, ka san gidansa, in ya zalunce ka akwai inda za ka kai kuka. Mai duba bayanan wayarka ba ka ganinsa, na'urarsa kuma ba ta mantuwa. Masu cewa "ni ba ni da abin ɓoyewa" su tuna cewa kakanninmu ba don suna aikata laifi suka gina zaure ba. Don haka kada ka ba da NIN ɗinka a yi wa wani rajistar layi, ka riƙa duba waɗanne manhajoji ka ba izinin sanin inda kake. Sannan ka tambayi ɗan majalisarku: sau nawa aka saurari wayoyin mutane bara, wane alƙali ya sa hannu, kuma wa ke duba masu dubawa?