Gasar Takobin Kokawa ta Nijar

Gasar Takobi ita ce babbar gasar kokawar gargajiya ta Jamhuriyar Nijar. Ana kiran ta haka ne saboda takobin da ake miƙa wa wanda ya zama sarkin kokawa na shekarar. A harshen Faransanci sunanta Sabre National.

Tarihi

Tun kafin zuwan Turawa, kokawa wasan kaka ce a ƙasar Hausa. Idan an gama girbi, samarin wani gari sukan je wani garin a kara a dandali, ana kiɗa ana kirari. Gwamnatin soja ta Seyni Kountché, wadda ta hau mulki a 1974, ita ce ta mayar da wannan al'ada gasar ƙasa, da nufin haɗa kan ƙabilun Nijar. An yi karo na farko a Tahoua a 1975, kuma Yacouba Kantu na Maradi ne ya ɗauki takobin.

Akwai shekarun da ba a yi gasar ba. Shi ya sa wadda aka yi a Agadez a watan Disamba na 2023 ta zama karo na 44 kawai.

Tsarin gasa

Jihohi takwas ne ke shiga: Agadez, Diffa, Dosso, Maradi, Tahoua, Tillaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha tana kawo 'yan kokawa 10, jimilla 80, kuma karɓar baƙuncin gasar yana zagayawa tsakanin jihohin. Ana shafe kusan kwana 10 ana fafatawa.

Da farko jiha da jiha ke karawa. Duk wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da zai ci gaba da yi wa jiharsa wasa. Waɗanda ba a kai ƙasa ba su ne ke ci gaba har a rage biyu. Bayan takobi, gwani yana samun kuɗi da wasu kyaututtuka.

Makaɗa da mawaƙa ba sa rabuwa da filin. Daga cikinsu Sagalo ya yi suna ƙwarai wajen waƙar 'yan kokawa. Akwai kuma 'yan cali-cali, masu kwaikwayon 'yan wasa don ba mutane dariya.

Shahararrun 'yan kokawa

A shekarun farko, Kantu na Maradi da Salma Ɗan Rani na Dosso da Kadade na Tahoua ne suka fi tashe. Yau filin kokawa na Maradi yana ɗauke da sunan Kantu, na Dosso kuma sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa.

A wannan zamani, Kadri Abdou na Dosso, wanda aka fi sani da Issaka Issaka, ya ɗauki takobi karo na shida a gasar Agadez ta 2023, abin da babu wanda ya taɓa yi kafin shi.