Paul Kraus (1904–1944)

Paul Kraus masani ne na harsunan Gabas da tarihin ilmi, Bayahude haifaffen birnin Prag, wanda ya ƙarar da yawancin gajeriyar rayuwarsa wajen binciken tarihin alkimiyya, wato fannin da mutanen da suka himmatu a kansa domin juyar da darma ta koma zinariya. Ya yi karatu a Berlin, inda ya zama mataimakin shehun malami Julius Ruska. Da 'yan Nazi suka hau mulkin Jamus a 1933 sai ya yi hijira zuwa Faris, daga can kuma ya wuce Alƙahira, ya koyar a jami'arta.

Babban aikinsa shi ne mujalladi biyu da Faransanci a kan masanin alkimiyya Jabir ibn Hayyan, waɗanda aka buga a Alƙahira a 1942 da 1943. Bayan ya bi tsofaffin littattafan hannu ɗaya bayan ɗaya, ya ƙididdige sunayen wallafe-wallafe kusan 3,000 da ake jingina wa Jabir, ya kuma warware ilmin mizani, inda ake auna zafi da sanyi da danshi da bushewar kowane ma'adini ta hanyar lissafin haruffan sunansa, sai ya yanke hukuncin cewa ba mutum guda ya rubuta su ba, jama'a ce mai alaƙa da mazhabar Isma'iliyya, a ƙarni na 9 da na 10 na Miladiyya. Malamai irin su Fuat Sezgin sun yi jayayya da wannan hukunci, amma har yau ba mai nazarin Jabir da zai iya yin watsi da littafin Kraus. Ya rasu a Alƙahira a watan Oktoba 1944.